Ku Tambaya Mu Amsa: Na goge makullin daga GitHub, ai shikenan ko?

Wasiƙun da suka shigo wannan karon kusan duk abu ɗaya suke kewayawa, wato makullan sirri na manhajar yanar gizo, su kalmar sirrin databes, makullin API (wanda manhaja ke nunawa don wani sabis ya yarda ta yi amfani da shi), tokin (shaidar izinin shiga) da sauransu. Na ɗauko guda biyar, na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

Assalamu alaikum Malam. Ni sabon shiga ne a harkar, jiya da daddare na tura aikina GitHub sai da safe na lura ashe fayil ɗin .env ya bi su, kuma a ciki akwai kalmar sirrin databes da makullin kamfanin da nake hayar saba a wajensu, ga shi ma'ajiyar a buɗe take kowa na iya gani. Nan take dai na goge fayil ɗin na sake turawa, yanzu in ka buɗe babu shi. Na tsira ko da sauran aiki? Daga wani mai koyo.

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Da sauran aiki, kuma dan Allah kafin ka ƙarasa karanta amsar nan je ka soke makullin tukuna, sai ka dawo.

Git, manhajar da ke riƙe tarihin kod ɗin da kake turawa GitHub, aikinsa kenan tuna baya, shi kuma .env fayil ne da ake ajiye makullan manhaja a ciki. Goge fayil da ka yi sabon kwamit ne kawai, wato sabon canji da aka adana, ka ɗora a kan tsohon, shi tsohon yana nan daram da fayil ɗin a cikinsa, duk wanda ya danna tarihin kwamit ko ya rubuta git log -p zai ga makullinka layi-layi kamar yadda ka rubuta shi. Kuma ba mutum ne zai zauna yana bin ma'ajiyarka da ido ba, akwai bot-bot da ba su da aiki dare da rana sai bin duk abin da aka tura a fili suna tacewa, kuma makullan nan suna da kamannin da ake gane su, na AWS, sashen hayar saba na Amazon, yawanci da AKIA yake farawa, na Stripe, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, da sk_live_, to na'ura ba ta shan wahalar tsinto su. Cikin mintuna ake kwashewa, kai kuma naka ya kwana a waje. Abin da suka fi yi da makullin saba shi ne su kunna manyan injina da sunanka su yi ta haƙar kuɗin kirifto, ƙarshen wata bil ya zo maka.

In makullin gidanka ya faɗi a hanya ba ka san hannun wa ya shiga ba, ai ba ka tsayawa jiran ka gani ko za a dawo maka da shi, kwaɗon kake canzawa. To haka za ka yi. Ka shiga dashbod ɗin kamfanin ka ƙirƙiri sabon makulli, ka sa shi a sabarka, ka kashe tsohon gaba ɗaya. Ka canza kalmar sirrin databes. Duk wani abu da ke cikin fayil ɗin nan, ko da kana ganin ba shi da muhimmanci, ka ɗauka ya fita. Sannan abin da mutane da yawa ke tsallakewa, ka duba rajistar abin da aka yi da tsohon makullin tun daga lokacin da ka tura, a AWS CloudTrail ne ke riƙe wannan, ka duba ko an buɗe sabon yusa ko sabon makulli da ba kai ka buɗe ba, don ɓarawo mai wayo farkon abin da yake yi shi ne ya yanka wa kansa nasa makullin saboda ko ka soke wancan yana nan ciki abinsa. Ka leƙa sauran yankunan duniya da kamfanin ke da saba waɗanda ba ka taɓa amfani da su ba ma, a can ake ɓoye injinan.

Sai bayan duk wannan ne maganar share tarihi ta shigo. Akwai git filter-repo da BFG Repo-Cleaner, suna iya tsame fayil daga duk kwamit ɗin baya, yana da kyau ka yi don tsafta amma kar ka ɗauka magani ne, wanda ya riga ya kwafa ya kwafa.

Don gaba, ka sa .env cikin .gitignore, wato jerin fayilolin da Git zai ƙyale, tun kafin kwamit na farko. In Git ya riga ya san fayil ɗin to sa shi a .gitignore kaɗai ba ya hana komai, sai ka yi git rm --cached .env tukuna. Ka ajiye wani fayil .env.example mai sunayen abubuwan kawai babu ƙimarsu, shi ne zai shiga ma'ajiya. Ka sa gitleaks, manhajar da ke farautar makulli a kod, ya riƙa duba aikinka kafin kowane kwamit, kuma GitHub da kansu suna da tsarin da ke tare turawa in ya hango makulli a ciki, in ya tare ka kar ka danna wucewa don kana sauri.

Na san wani zai ce to ni tawa ma'ajiyar a rufe take. A 2016 maharan da suka shiga Uber daga rufaffiyar ma'ajiyar GitHub ta injiniyoyin kamfanin suka samo makullin AWS, da shi suka kwashe bayanan mutum miliyan 57, fasinjoji da direbobi, kamfanin ya biya su dala 100,000 kuma bai sanar da duniya ba sai Nuwamba 2017. Toyota kuma a Oktoba 2022 suka sanar cewa wani ɓangare na kod ɗin T-Connect ya zauna a fili a GitHub tun Disamba 2017 da makulli a cikinsa, kusan shekara biyar, abin ya shafi kwastomomi wajen 296,000. Rufaffiya ko buɗaɗɗiya, kod ba wajen ajiye makulli ba ne.

Malam barka da aiki. Ina yin manhaja da React da Vite, akwai wani sabis na tura saƙon tes da nake biya, na sa makullinsu a .env da VITE_ a gaba kamar yadda na gani a wani darasi, kuma na sa .env a .gitignore, bai taɓa shiga GitHub ba. Amma abokin aikina ya dage wai har yanzu kowa na iya ganin makullin, ni kuma na ce ta ina? Ku raba mana gardama. Daga wata mai karatu.

Malama, abokin aikinki ne da gaskiya, kuma ba sai kin yarda da ni ba, ki gwada da hannunki. Ki buɗe shafin naki a burawza ki danna F12, ki shiga Network, sai ki danna maɓallin da ke tura saƙon. Buƙatar da ta fita za ta bayyana a jere, ki danna ta ki duba kanunta, wato Headers, za ki ga Authorization da makullinki a gabansa ɓaro-ɓaro. Ko kuma ki yi npm run build ki buɗe fayilolin da ke cikin dist ki nemo haruffa shida na farkon makullin. Yana nan.

Dalili kuwa shi ne wannan VITE_ ɗin ma'anarsa a wajen Vite ita ce ki ɗauki wannan ƙimar ki dasa ta cikin JavaScript ɗin da za a aika wa kowane baƙo. Haka NEXT_PUBLIC_ yake a Next.js, haka REACT_APP_ yake a tsohon Create React App. Mutane na ganin sunan .env sai hankalinsu ya kwanta su ɗauka duk abin da ya shiga ciki ya ɓuya, alhali sa fayil ɗin a .gitignore hana makulli shiga Git kawai ya yi, bai hana shi zuwa burawza ba. Duk abin da ya sauka a na'urar wani to nasa ne, zai iya karantawa, kuma wannan ya haɗa da manhajar waya, fayil ɗin APK ana warware shi a ga abin da ke ciki, cukurkuɗa kod ɗin ɓata wa mai nema 'yan mintuna kawai yake yi.

Gyaran shi ne makullin ya koma saba. Ki yi ɗan ƙaramin ɓangaren saba, ko da aiki ɗaya ne tak a Vercel ko Netlify ko Cloudflare Workers, burawza ta kira naki, naki ya ɗauko makullin daga muhallin saba ya kira masu tura saƙon. Amma fa a kula, in kika bar wannan ƙofar taki a buɗe kowa na iya kira ba tare da ya shiga akawun ba, to kin ɓoye makullin amma kin bar amfaninsa a waje, mutum zai yi ta tura saƙo ta hanyarki har kuɗinki su ƙare. Sai ki tabbatar wanda ya kira ya yi login, ki sa iyaka kan sau nawa mutum ɗaya zai kira a minti ko a rana, in sabis ɗin na ba da damar sa rufin kashe kuɗi ki sa. Shi kuma makullin yanzu da ya riga ya hau intanet, ki soke shi yau.

Kar kuma tsoro ya sa ki ɗauka kowane makulli ne haramun a burawza. Akwai waɗanda don can aka yi su. Na Stripe mai farawa da pk_ na fili ne, mai sk_ ne na sirri. Shi apiKey na Firebase da ake sawa a shafi ba sirri ba ne, abin da ke tsare bayanan shi ne dokokin tsaro da kika rubuta, in kin bar su a buɗe to nan matsalar take. Supabase na da makullin anon na fili da service_role wanda ke tsallake duk dokokin da ke cewa wa zai ga wane layi a databes, wannan na biyun in ya shiga burawza an gama. Na Google Maps kuma ana ɗaure shi da adireshin shafinki yadda ba zai yi aiki a wani wuri ba. Kafin ki sa kowane makulli a ko'ina ki karanta takardun masu shi ki ga wane iri ne.

Malam ni dabarar da nake yi ita ce ina mayar da makullin base64 kafin in sa a kod, ko an gani ba za a gane ba. Ya ka gani?

Ba ta yi ba ɗan'uwa. Base64 sauya kamannin rubutu ne kawai, babu wani sirri a ciki, base64 -d layi ɗaya ya dawo da shi, kuma duk wanda ya ɗan jima a harkar yana ganin rubutu ya ƙare da == ya san mene ne. Haka abin da ke cikin tokin JWT, irin wanda ake ba mutum bayan ya yi login, sa hannu aka yi masa don kar a canza shi amma kowa na iya karanta cikinsa, kar ka zuba sirri a ciki. In ma ka rufe makullin da tsarin ɓoye bayani na gaske irin AES ka ajiye makullin buɗewar a fayil ɗin da ke kusa da shi, duk ɗaya ne.

Salam Malam. Wanda nake yi wa aiki ya ce lallai yana so ya riƙa ganin kalmar sirrin kwastomominsa a dashbod, wai in wani ya manta sai ya karanta masa ta waya. Na ce ba kyau amma na kasa yi masa bayanin da zai gamsu. Me zan ce masa, kuma yaya ya kamata in ajiye su? Daga wani mai gina manhaja.

Ka kyauta da ka tsaya, kar ka janye. Ka gaya masa kalmar sirrin nan ba dukiyarsa ba ce, amanar mutane ce, kuma yawancin mutane kalma ɗaya suke amfani da ita a imel da banki da ko'ina, ranar da databes ɗinsa ya fita ba shafinsa kaɗai aka fasa ba, rayuwar kwastomominsa aka buɗe, kuma sunansa ne zai ɓaci. A 2009 an kwashe kalmomin sirri miliyan 32 daga RockYou a rubuce tsirara, har yau jerin nan na cikin kayan aikin da masu fasa akawun ke fara gwadawa da shi.

Ba a ajiye kalmar sirri ta yadda za a iya dawo da ita, hashin ake yi mata, lissafi ne mai tafiya ɗaya ba dawowa, in mutum ya zo shiga sai a yi wa abin da ya rubuta lissafin a gwada da wanda ke ajiye. Kuma ba kowane hashin ba. MD5 da SHA-1, kai har SHA-256 shi kaɗai, sun yi sauri da yawa, katin zane na kwamfuta na gwada biliyoyi a daƙiƙa. LinkedIn SHA-1 suka yi amfani da shi ba tare da gishiri ba, wato haruffan bazata da ake ƙara wa kowace kalma kafin hashin, a 2012 miliyan 6.5 suka fito fili aka fasa mafi yawansu cikin ƙanƙanin lokaci, daga baya a 2016 aka gane abin ya haura miliyan 100. Abin da ake so shi ne wanda aka gina shi da nauyi da gangan, Argon2id ko bcrypt. Bcrypt tun 1999 yake kuma har yanzu yana aiki, sai dai baiti 72 na farko kawai yake dubawa, Argon2 kuma shi ya ci gasar hashin kalmar sirri a 2015. Kar ka rubuta naka. PHP na da password_hash da password_verify, Django da Laravel sun zo da nasu a shirye, su ke kula da gishirin ma.

Matsalar mantuwa da ta dami maigidan naka kuma, link ɗin sabunta kalma ake tura wa mutum ta imel, mai mutuwa bayan ɗan lokaci kuma mai aiki sau ɗaya. Ka nuna masa wannan zai rage masa amsa waya ma.

Bambanci ɗaya da za ka riƙe, in manhajarka na karɓar makullin wani sabis daga hannun kwastoma don ta yi amfani da shi a madadinsa, wannan hashin ba zai yi ba tunda kana buƙatar asalinsa, rufe shi za ka yi da makullin da ke zaune a wajen databes ɗin.

Malam mu biyar ne a tim ɗinmu, fayil ɗin .env ɗaya muke amfani da shi, a guruf ɗinmu na WhatsApp ake tura shi duk wanda ya shigo. Yanzu ɗaya ya bar aiki, lafiya lau muka rabu ba faɗa. Sai na ce a canza makullai, sauran suka ce wannan rashin yarda ne kuma ana tsoron kar a taɓa wani abu ya lalace. Ina gaskiya take? Daga shugabar wani ƙaramin tim.

Hajiya, ki canza, kuma ki gaya musu ba zargin kowa ake ba. Mutumin kirki ma ana sace masa waya, laftof ɗinsa na iya kamuwa da ƙwayar da ke kwashe fayiloli, kuma fayil ɗin nan yanzu yana cikin waya biyar da ajiyar bayan kowace waya. Shi kansa wanda ya tafi ya fi masa kwanciyar hankali a ce makullan da ya sani sun mutu, gobe in wani abu ya faru ba mai kallonsa.

Amma maganar da ta fi tsaya min a wasiƙarki ita ce tsoron kar a taɓa wani abu ya lalace. Wannan tsoron shi ne ainihin ciwon. In tim na tsoron canza makulli ranar da ake zaman lafiya, to ranar da ya fita da tsakar dare fa? A Janairu 2023 CircleCI suka ce wa duk kwastomominsu su canza duk wani sirri da suka ajiye a wajensu, ba laifin kwastoma ko ɗaya, kuma a 2021 an sauya wani ɗan kod na Codecov ya yi wata biyu yana kwashe sirrikan da ke muhallin gwajin mutane kafin a gano. Wato ko kun yi komai daidai ranar canji na iya zuwa muku daga waje. Waɗanda suka san makullansu nawa ne da inda kowanne yake sun gama cikin awanni, waɗanda ba su sani ba suka yi ta lalube.

To ku fara da rubutawa, kowane makulli, na wane sabis ne, ina da ina aka sa shi, wa ke iya canza shi. Sunaye kawai fa, ba ƙimar ba. Daga nan ku raba na gwaji da na aikin gaske, masu rubuta kod su riƙe na gwaji a kwamfutocinsu, irin sk_test_ da databes na wasa, na gasken ya zauna a saba kaɗai mutum ɗaya ko biyu ke iya kaiwa gare shi. Kowane makulli a ba shi iya ikon da aikinsa ke buƙata, manhajar da karatu da rubutu kawai take yi a tebur ba ta da dalilin shiga databes a matsayin root, wato mai cikakken iko. Wajen ajiya kuma, ku da kuke biyar ba sai kun ɗauko HashiCorp Vault ba, ya yi muku nauyi, wurin sa sirri na kamfanin da ke riƙe muku saba ya isa, ko AWS Secrets Manager ko Google Secret Manager ko Azure Key Vault in a can kuke, sannan manhajar ajiye kalmomin sirri irin Bitwarden ko 1Password don abin da dole sai mutane sun raba. In kuna tura aiki ta GitHub Actions zuwa AWS ko Google, ku duba OIDC, wani tsarin tantancewa ne da ke ba da makulli na ɗan lokaci a kowane zagaye, babu na dindindin da za a sata.

Ku leƙa ƙananan ramukan ma tunda kun tashi gyara. DEBUG=True a Django ko APP_DEBUG=true a Laravel a sabar gaske na iya baje saitinku a shafin kuskure. Ki rubuta adireshin shafinku ki ƙara /.env a ƙarshe ki gani, in fayil ya sauko to tushen shafin ba a kan folda ɗin public, wanda aka ware don baƙi, yake ba, kuma bot-bot na gwada wannan adireshin a kowane shafi kullum. Ku duba log ko ana rubuta tokin a ciki. In kuna amfani da Docker, abin da aka sa ta ENV ko aka kwafa cikin hoton Docker ɗin, wato image, yana nan a cikinsa ko an goge daga baya, ku sa .env a .dockerignore.

Wajen canjin kansa, inda sabis ya yarda da makulli biyu lokaci ɗaya sai ku ƙirƙiri sabo, ku sa, ku tabbatar komai na tafiya, sannan ku kashe tsohon, ba mai jin ko motsi. Sabon da za ku ƙirƙira da kanku kar a ƙago shi da ka, openssl rand -hex 32 ya isa. Guda biyu ne ke son a bi a hankali. SECRET_KEY na Django in an canza shi kai tsaye duk wanda ke ciki zai fita kuma link ɗin sabunta kalma da aka riga aka tura za su mutu, shi ya sa tun siga ta 4.1 aka kawo SECRET_KEY_FALLBACKS, a sa tsohon a can na ɗan lokaci sannan a cire. APP_KEY na Laravel ya fi haɗari, duk bayanan da aka rufe da shi a databes ba za su buɗu da sabon ba, don haka kar wani ya je ya buga php artisan key:generate a sabar gaske haka kawai. Daga Laravel 11 akwai APP_PREVIOUS_KEYS, ku sa tsohon a ciki, ku sake rufe bayanan da sabon, ku ɗauki kwafin databes kafin ku fara, sannan ku cire tsohon in kun tabbatar babu abin da ya rage a kansa.